Baba Mai Faci da Keken Masinja

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Mai Faci yake isowa rumfarsa, ko da mai jiransa ko babu, don jiki ya riga ya saba. Yakan tsaya tukuna ya dafa ƙugu, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin kamar mai tambayarsa ko shi ma ya kwana lafiya. Sannan ya sunkuya a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ya buɗe kwaɗon akwatin ƙarfe. Famfon iska ne ke fara fitowa. Sai kwanon ruwan da ake tsoma roba a nemo huda, sai gwangwanin giris, sai wani tsumma da ba wanda ya san asalin launinsa. Daga ƙarshe ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayan aiki, ƙanana a gaba, manya a baya. In ya gama sai ya zauna a kan kujerarsa mai ƙafa uku da rabi, ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya gama aikin yini, alhali ko shayi bai kurɓa ba.

Shekara arba'in da huɗu ke nan yana wannan. Sau uku ana faɗaɗa titi, sau uku yana ja da rumfar baya, har ta kai bayansa ya jingina da katangar wani ɗakin ajiye kaya, babu sauran inda za a ja. Kekunan ma sun ja baya. Da can kafin hantsi ya yi faci goma, yana yi yana korar masu gaggawa. Yanzu babura ke wucewa ta gabansa suna watsa masa ƙura a shayi, shi kuma yana bin su da ido, ba fushi, ba sha'awa, kallon da tsohon direba ke yi wa jirgin sama.

Ni ɗan benci ne. Akwai wani benci tsakanin rumfar Baba da shagon Tela, ni kuma ina da shagon biro da littattafan rubutu a tsallaken titi, irin kasuwar da ke ba mutum isasshen lokacin zama a bencin wani. Saboda tabarau suke ce mini Ɗan Boko. A kan wannan benci muke gyara duniya da baki, ni da Tela, yayin da Baba ke gyara abin da ke gabansa da hannu. Shekaru sun nuna wanda aikinsa ya fi tsayawa.

Ba ni kaɗai na shaida ba. Mai kai burodi shaguna ya rantse cewa a shekara ashirin bai taɓa ganin facin Baba ya sake buɗewa a wuri ɗaya ba. Wata baiwar Allah mai keken guragu ta zaga gari an ce mata babu irin wayoyin ƙafar kekenta, Baba ya sayo na babban keke ya dinga yankewa yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, har talatin da shida. Amma abin da ya sa na ɗauki biro yau, daga cikin waɗanda suka ƙi sayuwa, shi ne aikinsa na ƙarshe mai girma. Kuma a gabana aka yi shi.

Wata ranar Alhamis da safe Masinja ya iso yana tura kekensa, da wani kwali ɗaure a kariya, wurin ɗora kaya a baya. Masinja dogon mutum ne siriri, mai kai takardun wani ofis zuwa rassansa, kuma shekara talatin Baba ke riƙe masa wannan keke. Tsohon keken tsere ne, mai siraran tayoyi kamar yatsa, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Wani malami ne ya bar masa da zai bar gari, tun Masinja yana da baƙin gashi.

"Yaya, ina kwana. Na kawo maka abin kunya."

"Abin kunya ai kullum kana kawo shi. Yau kuma har da kwali?"

Masinja bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙarshen benci yana murza gwiwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wata bakwai suka rage masa ya cika shekarun aiki ya yi ritaya da mutuncinsa da haƙƙinsa. Sai aka kawo sabon shugaba. Ofishin yana da reshe a kan tudu, can bayan tankin ruwa, kuma shekara biyu ke nan Masinja ba ya iya hawa tudun a kan keke, sai dai ya sauka ya tura. Takardun da ya kamata su isa ƙarfe tara sai sha ɗaya suke isa. Jiya shugaban ya kira shi ya ce in ranar Litinin tara ta buga takardu ba su kan tudu, to ya ajiye jaka, akwai mai babur da ke jira.

"Gwiwar nan ta yi ritaya tun bara, Yaya. Ni ne ban sa mata hannu ba."

"A kwalin fa? Sabuwar gwiwa ce?"

Kusan hakan ne. Babban ɗansa ne ya aiko daga inda yake aiki, injin lantarki da ake ɗaura wa keke. Wata biyar yana ƙarƙashin gado, don Masinja ya ce shi ba gurgu ba ne. Jiya da yamma girman kai ya ƙare, ya kai shi wurin masu gyara biyu a babban titi. Na farko ya ce irin wannan inji ba na irin wannan keke ba ne. Na biyu ya ce ya kai keken wa masu sayen tsohon ƙarfe, ya ajiye injin har Allah ya hore masa keken kirki.

Baba bai taɓa taɓa injin lantarki ba a rayuwarsa, kuma bai ɓoye ba. Ya buɗe kwalin ya fito da kayan ɗaya-ɗaya. Ƙafar keke guda, cibiyarta a kumbure kamar ƙaramar tukunya, nan injin yake. Batir mai tsawon burodi da nauyin bulo. Wani ɗan akwati baƙi, totur na murɗawa irin na babur, da wayoyi a cukurkuɗe. Sai takarda. Da ganin takarda duk ido ya dawo kaina. Na gyara tabarau, na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Harshen da ke jiki ban san ko na wace nahiya ba ne, hotunan kuma na wani sabon keke ne mai kaurin taya da wani mutum yana murmushi a kai. Na yi gyaran murya na ce abu ne mai sauƙi, a cire wannan a sa wannan. Iyakar gudummawar da ilimina ya bayar ke nan, kuma ita ma ba daidai ba ce.

Baba ya mayar da komai cikin kwali, ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa, ya juya keken ya fara kwance birki.

"Yaya, me kake yi? Na zo neman tafiya kana gyara mini tsayuwa?"

"Ɗaga takalminka in gani."

Masinja ya ɗaga. Dunduniyar ta cinye har ta zama kamar wuƙa.

"Ka gani? Ga birkinka nan. Shekara nawa ina ce maka robar nan ta zama dutse, kana cewa wata mai zuwa? Allah ya rufa maka asiri ne don da ƙarfin gwiwarka kake tafiya, kuma gwiwar ba ta da ƙarfi. Yanzu za mu ɗaura maka abin da ba ya gajiya, ba ya jin magana. Wanda ya hau tudu ai sai ya sauko. Da takalmi za ka tsayar da shi?"

Alhamis ta tafi a birki. Sabuwar roba, sabuwar waya, ya goge bakin wilin baya da yashi-yashin takarda har ya daina santsi, ya daidaita wayoyin ƙafar don kada ta dinga rawa tana gogar robar. Masinja ya tafi aiki a ƙafa ya dawo da yamma ya tarar da kwalinsa inda ya bar shi. Na ga yana ƙirga kwanaki da yatsu a kan cinyarsa.

Ranar Juma'a aka ga abin da ya sa masu gyaran babban titi suka janye. Ƙafar gaba ta keke tana zama ne a bakin wani ƙarfe mai rassa biyu da suke ce wa fok. A ƙarshen kowane reshe akwai ɗan tsagi da sandar tsakiyar ƙafar ke shiga. Sandar injin ta fi tsagin kauri. Ba da yawa ba, kaurin farce ne kawai, amma ta ƙi shiga.

"Kawo guduma," in ji Tela daga bakin shagonsa, allura a baki. "Bugu biyu ta shige."

Ni ma na goyi baya, don na lura duk wanda ya ce a kawo guduma yakan yi kama da wanda ya san aiki.

Baba ko kallonmu bai yi ba. Ya ɗauki ƙaramin magagari. Ya goga sau uku a wannan gefe, sau uku a wancan, ya hure, ya gwada. Bai shiga ba. Ya sake. Idonsa ya daɗe da rauni, don haka da babban yatsa yake dubawa, ya shafa tsagin kamar mai sauraron wani abu. In hannunsa ya gaji sai ya ajiye magagarin a cinya ya huta. Tela ya ce da wannan tafiyar sai Masinja ya yi ritaya sau biyu ba a gama ba.

"Tela, kai in ka yanke yadi ya gaza, kana cewa mai shi ne ya yi ƙiba. Ni abin da magagari ya ci ba ya amayarwa. Ƙarfen nan ya girmi aurenka, kuma ya fi shi siranta."

Sai bayan la'asar sandar ta zauna, ba matsi, ba rawa. Yini guda a kan kaurin farce. Da ya miƙe sai da ya riƙe ginshiƙin rumfa, ya daɗe a haka kafin bayansa ya yarda ya miƙe tare da shi.

Kai ne, Baba, wanda ba a taɓa gani yana gaggawa ba, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Mun daɗe muna ɗauka nawa ce irin ta tsufa. Ashe tun kana saurayi haka kake, mu ne ba mu da haƙurin gane bambanci.

Asabar ta tafi a wayoyi da batir. Masinja ya so a ɗaure batirin a kariya, Baba ya ce nauyi a sama a baya shi ke sa keke ya yi wutsiya a kwana, ya sauko da shi tsakiyar jikin keken, ya naɗe wurin da yankakkiyar tsohuwar roba don kada ya goge. Wayoyin kuwa ya bi launi da launi, baki da baki, yana kiran Tela ya tabbatar masa wanne ne shuɗi wanne ne kore. Wajen ƙarfe huɗu ya ce in ɗaga gaban keken. Ya murɗa totur. Ƙafar ta ɗauki juyi ita kaɗai, da wani ɗan kuka siriri kamar na sauro. Tela ya yi kabbara. Masinja ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Laraba, ya miƙa hannu zai karɓi kekensa.

Baba ya buge hannun.

"Ina za ka?"

"In gwada mana."

"Tun da na fara sana'ar nan ka taɓa ganin na miƙa wa mutum keken da ban hau ba?"

Gaskiya ne, kuma duk mun sani. Ko faci ya yi sai ya hau ya je turken lantarki ya dawo kafin ya ce ya yi. Mun ɗauke shi ɗaya daga cikin halayensa, kamar yadda wani ke kaɗa ƙafa in yana cin abinci. Amma yau ya ce turke bai isa ba. Abin da aka yi don tudu, a tudu za a gwada shi. Ta gefen rumfar akwai hanyar da ta haura zuwa tankin ruwa, ita ce farkon tudun Masinja. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaga ƙafa da kyar ya haye.

Ya tafi lafiya har gindin hawan. Muna kallo ya murɗa totur gaba ɗaya. Sai muka ji ƙas! Ƙafar gaba ta karkace, keken ya tsaya cak, Baba bai tsaya ba. Ya kifa ta gefen dama, hannu ya riga shi isa ƙasa.

Muka ruga. Ni na isa na ƙarshe, tumbi ya riƙe ni a hanya. Na tarar da shi zaune a ƙasa, gwiwar wandon ta yage, wuyan hannunsa na dama ya fara tashi, amma ba hannun yake kallo ba. Ya jawo keken da hagu yana leƙen bakin fok.

"Kun gani? Inji yana juya taya gaba, ita kuma sandar tana neman juyawa baya. Tsohon ƙarfe ne siriri, bai iya riƙe ta ba, ya buɗe baki." Ya nuna wayar da ta naɗe a jikin sandar, saura kaɗan ta tsinke. "Noti kaɗai ba zai riƙe ba. Ni ne ban hango ba. Da a tsakiyar motoci ne, da yanzu wata maganar ake yi."

Masinja ya durƙusa a gabansa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, bar shi. Don Allah bar shi. Aikin da zai karya ka ba na son sa. Ranar Litinin in kai musu jakarsu, wata bakwai ba a kansa aka fara asara ba."

"Kai ka san ofis, ni na san keke. Ka taɓa ganin na zo ina koya maka kai wasiƙa? Ɗaga ni."

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce, Uwata yake ce mata. Tela ya kira ta, ta iso da kayan aiki a jikinta da faɗa a bakinta. Ta duba hannun ta ce ƙashi bai rabu ba amma ya tsage, ta ɗaure, ta rataye masa shi a wuya.

"Baba, shekararka nawa?"

"Tambayi mahaifiyarki, ita ke riƙe da wannan."

"Wallahi ba wasa nake ba. Sati shida ko cokali kada in ga ka ɗauka da shi."

"To, Uwata."

Wanda ya san Baba ya san irin wannan "to".

Baba ba ya buɗe rumfa ranar Lahadi. Wannan Lahadin da hantsi na hango shi daga shagona yana fama da kwaɗo da hannun hagu, 'yar tana tsaye a bayansa ta harɗe hannu, ta biyo shi ne don ta hana, ta ƙare da riƙe masa murfin akwati. Aka aika aka kira Masinja. Baba ya ce yau shi baki ne, mu ne hannu. Aka ba Tela guduma, ya karɓa yana washe baki, ya ce ai tun Juma'a ya faɗa. Ni kuma aka ba ni aikin da ya dace da baiwar da Allah ya yi mini: aka kwantar da keken a kan katako aka ce in zauna a kai kada ya motsa. Ban taɓa yin aikin da aka yaba mini kamar wannan ba.

"A hankali, Tela. Ba bashi ƙarfen ya ci maka ba. Taɓa shi. Sake. Tsaya."

Haka aka rufe bakin fok ɗin ya koma yadda yake. Amma matsalar tana nan. In aka mayar da ƙafar aka murɗa totur, abin jiya zai sake faruwa. Baba ya zauna ya zuba wa sandar ido. Gefenta biyu a shafe suke, ba zagayayye ba. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa, har Tela ya fara hamma. Sai ya sunkuya kan buhu ya ɗauko wata sifana lamba goma, baƙa, ta sha hannu har ta yi sulɓi. Ita ce ta farko da ya mallaka, maigidansa da ya koya masa aiki ne ya ba shi ranar da ya sallame shi. Ya zura bakinta a shafaffen wurin. Ta zauna ɗas, kamar tare aka ƙera su.

Ya sa aka kwantar da jikin sifanar a kan reshen fok, aka ɗaure su tare da zoben ƙarfe biyu irin na tiyon mota, aka ɗaura noti a kai aka tamke.

"Yanzu in sandar tana son juyawa, sai ta juya sifana. Sifana kuma sai ta juya keken gaba ɗaya. Mu ga mai ƙarfin."

"To kai da me za ka yi aiki?" in ji Tela. "Rabin notin keke ai lamba goma ne."

"Ta gaji da zaman buhu. Bari ita ma ta ga gari."

Wayar da ta kusa tsinkewa 'yar ce ta gyara. Ta ture Tela ta ce yatsunsa sun yi kauri, ta haɗa silin ɗaya-ɗaya ta naɗe kamar mai ɗaure rauni, tana yi tana mita. Da aka gama aka tayar da keken, kowa ya san abin da ya rage.

"Ni zan hau," in ji Masinja.

"Ɗan Boko ya hau," in ji Tela. "In ya ɗauke shi, zai ɗauki kowa."

A daidai lokacin na tuna da wani ciwon baya da ya daɗe bai tashi ba. Baba ya zare hannunsa daga rataya.

"Baba!" in ji 'yar. "Wallahi in ka hau keken nan..."

"Uwata, saurara. In akwai sauran kuskure a jikinsa, sai ya kayar da wani. In gobe ne, ƙanen nan nawa zai kayar, a gaban mota, da jakar mutane a bayansa. In yau ne, ni zai kayar, a gaban ma'aikaciyar asibiti. Wanne ya fi?"

Ta juya baya ta ce ita ba za ta kalla ba, sannan ta kalla.

Ya taka feda sau biyu, ya murɗa totur a hankali. Keken ya ɗauke shi. Ya kai inda ya faɗi jiya ya wuce, ya dinga haurawa yana ƙanƙancewa har ya ɓace a bayan tanki. Masinja yana ta motsa leɓe. Can sai ga shi ya ɓullo yana gangarowa, a hankali, a hankali, ya zo ya tsaya daidai bakin rumfa. Fuskarsa ta yi fari-fari, gumi har wuya. Sai da 'yar ta riƙe shi ya sauko. Ya sunkuya ya shafa sifanar, ya ji ba ta gusa ba.

"Ya yi," ya ce. "Kada ka murɗa daga tsaye, taka sau biyu tukuna. In za ka sauko fara birki tun daga sama. Ɗauki abin kunyarka ka ba ni wuri."

Ranar Litinin Masinja ya isa reshen kan tudu ƙarfe takwas da minti goma, ya tarar mai gadi bai gama shara ba. Ƙarfe tara daidai shugaban ya buga wayar reshen don a shaida masa takardu ba su iso ba. Masinja ne ya ɗauka, don ma'aikatan reshen ba wanda ya zo tukuna.

Mun yi dariyar wannan har sati. Baba ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba. Hannun ya warke a sandare. Ya ci gaba da zuwa wata biyu, yana ba da iska, yana tura masu gyara wurin wasu. Wata safiya ya faɗa mana abin da bai faɗa ba ranar Lahadin nan. Da yana gangarowa daga tanki ya matsa birki da dama, yatsun suka ƙi rufuwa. Da hagu kaɗai ya tsaya. Ya jira ko za su dawo, ba su dawo ba.

"Hannun da ba zai matse birki ba, ba shi da bakin ce wa wani birkinka ya yi."

Tela ya ce ai sai ya dinga gyarawa masu keke suna gwadawa da kansu, kamar yadda kowa ke yi. Baba ya dube shi kamar ya ce ya dinga sayar da riga ba hannu. A ƙarshen watan ya kulle akwati ya sa aka kai masa gida.

Makon jiya Masinja ya cika kwanakinsa. Ya zo ya ɗauke ni muka je gidan Baba, muka same shi a ƙofar ɗaki yana shan hantsi, hannun a kan cinya. Masinja ya zaro takardar ritayarsa daga leda ya miƙa da hannu biyu. Baba ya nesanta ta da ido, ya kusanto, ya haƙura.

"Me suka rubuta?"

"Sun ce na yi aiki da gaskiya da riƙon amana."

"Ba su sa makara ba?"

"Yaya, sunanka ya kamata a rubuta a nan."

"Ni wa zai ba ni takarda? Titi?" Ya mayar masa. "Adana abinka kada jikoki su yi jirgi da ita."

To, Baba, ga taka takardar. Ba hatimi a jikinta, wanda ya sa hannu kuma ɗan benci ne da bai taɓa ɗaure noti ba. Amma abin da ke ciki da ido aka gani. Kai ne ka ba da yini guda don kaurin farce. Kai ne ka faɗi a wurin da wani zai faɗi, ka tashi ka ce laifinka ne, ba ka ɗora wa inji ko tsufan keke ba. Kai ne ka sayi wata bakwai na wani da sauran ƙarfin hannunka, kuma har yau ban ji ka kira shi asara ba. Na ƙarƙashin rumfa, gatan mai doguwar hanya, mun gode.

Mu kuma da muka rage, masu ɗinki da masu gini, masu ba da magani da masu sa hannu a takarda, kowa ya san sau nawa ya ce "ya yi" a kan abin da shi kansa ba zai yarda ya hau ba. Ba a ce kowa ya karya hannu ba. A dai rage miƙa wa mutane abin da ba a gwada ba. Wanda kuma yake da irin wannan dattijo a layinsu, ya je ya gaishe shi tun yana iya amsawa da zolaya.

Allah ya huta gajiya, Baba, ya saki yatsun nan ko don cokali. Zauna abinka. Wannan karon ba sai ka tashi ka gwada ba. Mu muka gani, kuma ya yi.